Amsa ga ƙanwata mai son yi wa fasasshen madubi firam

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun da hantsi, sai yanzu na samu zama. Kin ce madubin ƙofar wardirof ɗinki ya fashe garin tashi daga gidan haya, babban ɓangare ya tsira, kina da cokulan roba da suka rage ranar suna, kina son ki yi masa firam da kwali da gam ɗin bindiga kamar yadda kika gani a Facebook. Kina tambaya ko zai yi ƙarko.

Zai yi kyau, amma ba zai kai bazara biyu ba. Ni na yi shi, na ga ƙarshensa da idona.

Nawa na farko irin nakin ne sak. Kwalin taliya na yanka zagaye, na karya wa cokula hannuwa, na jera su layi bisa layi kamar furen rana, na fesa fenti ruwan zinariya. Duk wadda ta shigo sai ta ce daga Kano na sayo. Lokacin sanyi ne. Da watan Afrilu ya kama, ɗakin nan mai rufin kwano ya zama tanda, sai na fara tsintar cokali ɗaya ɗaya a bayan gado. Wata rana bayan azahar ina kwance na ji tas! Madubin ya zame daga jikin kwalin ya tarwatse a ƙasa, yarona kuwa lokacin rarrafe yake yi. Allah ne ya tsare. Gam ɗin bindiga da zafi ake narka shi, to zafin Damagaram ko bai narkar da shi ba yana sa shi laushi, nauyin madubi yana jansa a hankali har ya saki. Masu bidiyon nan ba a irin ɗakunanmu suke rataye nasu ba. Kwalin shi ma da damina ya sha laima ya banƙare, kuma in bangonki na ƙasa ne, kin kai wa gara abinci har gida.

Saboda haka ki bar zancen ado tukuna, ki fara neman abin da zai ɗauki madubin. Gilashi ya fi yadda ake zato nauyi. Mai kaurin milimita 3, in faɗinsa santimita 30 tsawonsa 40, ya kusa kilo guda shi kaɗai, kafin ki ɗora masa komai. Tunda ƙofar wardirof ce ta lalace, ai kina da katakon a hannu: kafinta ya yanko miki daga jikinta, ya bar yatsa huɗu ko biyar ko'ina a kewayen madubin, nan za ki yi adonki. In babu katako, tsohon tire na ƙarfe da ya fara tsatsa a tsakiya ya wadatar, haka babban murfin kwano mai fure irin na jeren iyayenmu. Wanda ke ɗakina yanzu a kan tiren kayan aurena yake, shekararsa huɗu ko gezau.

Madubin kuma kada ki ce za ki daidaita shi da kanki. Ki naɗe shi a tsohon zane ki kai wa masu aikin gilashi da tagogi, su yanke shi murabba'i ko zagaye, su goge bakin. Aikin 'yan mintuna ne, kuɗinsa bai kai na ɗinkin yatsa a likita ba. In za ki hau kabu-kabu ki riƙe shi a tsaye, kada ki kwantar da shi bisa cinya.

Wajen manna shi ne mutane suka fi kuskure. Bayan madubi ɗan siririn shafi ne mai ƙyalli da aka rufe da fenti, shi ne madubin gaba ɗaya, in ya ci rauni ba gyara. Gam ɗin masu gyaran takalmi mai warin nan yana iya cin fentin, bayan 'yan watanni ki ga baƙaƙen tabo suna fitowa ta fuskar. Shi kuma ɗan ƙaramin gam mai kamawa nan take yana barin farin hazo a gilashi. Gam ɗin silikon, mai zama kamar roba in ya bushe, za ki nema, amma ki shinshina: in yana warin tsami mai hawa hanci ki bar shi, ki ce a ba ki wanda ake manna madubi da shi. Ko da shi ɗin ni ban yarda da gam kaɗai ba. Ina sa kafinta ya kama madubin da 'yan ƙananan ƙarafa huɗu, biyu ƙasa biyu sama, adon ya rufe su. Ki bar shi kwance kwana biyu kafin ki tayar.

Ado kuwa, cokulanki za su yi, sai dai ki wanke maiƙonsu da omo, ki ɗan karce bayansu da samfefa don gam ya samu wurin kamawa. Gam ɗin takalmi yana narka wasu cokulan, ki gwada a guda ɗaya tukuna. Amma in za ki ji tawa, cokali ya zama ruwan dare, kuma ramin kowane cokali ma'ajiyar ƙura ce in hunturu ya zo, da burushin haƙori nake bin nawa har na gaji. Ki zaga cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, wata yamma ki dubi zanen da magina suka yi a fuskar tsofaffin gidaje, dagi da sauran su. Na ɗauki hoton ɗaya a waya, na zana shi da alli a kan katako, na bi layin da tsohuwar igiyar shanya ina mannawa da farin gam na kafintoci, ya taso kamar na bangon, na shafa fenti ruwan ƙasa da fari. Wannan na ba ƙanwar maigidana da za ta tare. Guntayen jar fata da dukawa ke zubarwa su ma suna yin kyau a gefe, haka bakin tsohon faifai da tsakiyarsa ta mutu. Shi faifai ɗinke shi ake yi da zaren lilo ta 'yan hudoji a katakon, ba ruwansa da zafi.

Ƙananan ɓaraguzan madubin ana iya jera su a kewaye, suna walƙiya da dare in fitila ta haska. In gidan da yara ƙanana ni dai na ce a'a. In kin nace, ki goge bakin kowanne a dutsen wasa wuƙa da ruwa, ki cike tsakaninsu da farin siminti.

Fenti ki fesa a waje da sassafe kafin iska ta taso, bayan kin rufe madubin da takarda, shafi biyu marasa kauri. Maratayi kuma waya ce ta ƙarfe a ɗaure a hudoji biyu, kada ki manna igiya da gam. Bangon siminti ƙusar kankare, bangon ƙasa doguwar ƙusa a karkace, kanta na kallon sama. Ki nisanta shi daga saitin gadon yara da inda rana ke dukansa ta taga.

Ki turo hoton ɓangaren da ya tsira, ki ajiye takalmi ko cokali kusa da shi in gane girmansa, sai in gaya miki ko tire zai ɗauke shi ko sai katako.