Ba tsofaffi kaɗai take kamawa ba

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka mai shekara 32 yana ganin jini a bayan gida, kana tambaya ko sankarar babban hanji tana kama matashi. Tana kamawa. A matasa ta fi fitowa ta ɓangaren hagu, kusa da dubura, sai a ce basir ne, a yi ta shan jiƙo har ta yi nisa. Wannan jinkirin ne yake ci mini rai. A tsofaffi kuwa takan ɓuya ta dama, sai ƙarancin jini da kasala. Ta gado ma ta fi yawa a matasa, don haka ku binciki dangi. Ku kai shi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya a leƙa hanjin da na'ura. Allah ya ba shi lafiya.