Tambayi Likita: Ruwan da ke ɓoye cikin busasshen dutse

Tambaya: Likita, ɗana ya karye a hannu, aka sa masa simintin asibiti. Ana gama naɗawa ya ce yana jin ɗumi. Akwai matsala? Daga wata uwa a Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wannan ɗumin ba ciwo ba ne. Farin garin da ke jikin bandejin simintin, wanda ake kira POP, daga dutsen jifsam ake yin sa. Dutsen a bushe yake ƙamas a hannu, amma kusan kashi 1 cikin 5 na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin ƙwayoyinsa. Idan aka gasa shi, kashi 3 cikin 4 na ruwan ya fita, sai ya zama gari. Da muka tsoma bandejin a ruwa, garin ya sake kama abin da wuta ta ƙwace masa ya koma dutse, kuma wannan kamun ne ke fitar da ɗumi na ɗan lokaci. Bushewa sosai kuwa sai kwana 2 zuwa 3, don haka kada ya dogara da hannun. Amma in yatsun sun kumbura, sun yi sanyi ko sun mutu, ko ciwo na ƙaruwa, ko da tsakar dare ne ku koma asibiti.

Tambaya: Ƙwayar ƙarin jinin matata 200 ce, ta maƙwabciyarmu 300. An rage mana ne? Daga Samaru.

Amsa: Malam, in duka biyun feros salfet ne, wato maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ba a cuce ku ba. Mai miligiram 300 da ruwanta aka auna ta, sinadarin ƙarfen ciki wajen miligiram 60 ne. Taku busasshiya ce, tana da 65. Ta dai daina haɗa ta da shayi, yana rage shigar sinadarin ƙarfen cikin jiki.

Tambaya: Na ƙona alimun ya kumbura ya yi fari fat. Ya fi tace ruwan rijiya? Daga Ƙofar Doka.

Amsa: Ruwansa ne ya ƙafe, kusan rabin nauyinsa ke nan. Ba sai kin wahalar da gawayinki ba, ɗanyen ma yana kwantar da laka. Sai dai ƙonanne ko ɗanye, ba ya kashe ƙwayoyin taifot da kwalara. Ki tafasa ruwan bayan ya kwanta.