Me ya sa kwamfuta ta ce na yi asara alhali shida na ba da, shida na karɓa?

Ɗan'uwa daga Daura, ka ce a wasan ces ka ba da doki da bishof, ka ci ruk da soja, sai Stockfish, manhajar kwamfuta mai auna wasan ces, ta rage maka maki. Lissafinka na makaranta daidai ne: soja 1, doki 3, bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. Manhaja kuwa tana raba soja ɗaya kashi 100, sannan ta duba tsaron sarki, jerin sojoji, da gidajen da doki, bishof, ruk da sauransu za su iya kaiwa.

A tsakiyar wasa ruk yakan zauna a lungu, layuka ba su buɗe masa ba, su kuwa doki da bishof suna fagen fama. Ka sallami ma'aikata biyu ka karɓi mai barci, ciniki ya faɗi. In bishof biyu kake da su ka raba su, ka ƙara asarar kusan rabin soja.

Tun 2020 Stockfish ke awo da NNUE, wato tsarin da ya koyi hukunci daga ɗimbin yanayin wasa. Kuma ba ta yanke hukunci ana tsakiyar cin juna, sai ƙura ta lafa, don kada ta ƙirga ruk ɗin da ka ci ta manta ramuwar da ke tafe.