Yadda ake motsa zanen jarida ba tare da an ɓata shi ba

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na mayar maka da aikin da ka kawo, alhali ka gyara layukan mai zanen jaridar sun yi sumul, ka kuma sa mutanen cikin zanen suna juyi da lanƙwasa kamar na manyan finafinan katun. Ka ƙara da cewa tsofaffin shirye-shiryen katun na Peanuts, waɗanda aka ɗauko daga zanen barkwanci na jarida, da nake yawan nuna muku, a ganinka, motsinsu a sandare yake. Idonka bai yi ƙarya ba, amma ya kamata ka san inda sandarewar ta samo asali kafin ka yanke mata hukunci.

Charles Schulz ya fara fitar da Peanuts a jaridun Amurka ranar 2 ga Oktoba, 1950, kuma shi kaɗai ya riƙa zana shi da hannunsa har zuwa shekarar 2000. A yawancin shekarunsa, zanen ranakun mako gida huɗu ne, wato ƙananan hotuna huɗu a jere, kuma yaran da ke ciki ya tsara su ne domin takarda: kai babba mulmulalle, jiki ƙarami, hannaye gajeru, fuska kuma ko dai ta gefe ko kusan ta gaba. Bai taɓa buƙatar sanin yadda kan Charlie Brown, yaron da ke tauraron zanen, zai kasance yayin da yake tsakiyar juyawa ba, domin mai karatu ne ke cike wannan giɓin a zuciyarsa tsakanin gida da gida. Wanda ya gaji wannan matsala, lokacin da aka zo motsa zanen domin talabijin, shi ne Bill Melendez, haifaffen Meziko, wanda ya yi aikin katun a kamfanonin finafinai na Disney da Warner Bros, saboda haka babu wanda zai ce bai iya motsi mai laushi ba. Da ya zo kan waɗannan yara sai ya gane cewa idan aka juya kan a hankali, hanci da kunne da idanu za su bar mazauninsu, yaron ya koma wani daban. Sai ya riƙa tsallakawa da sauri daga wannan fuska zuwa waccan, ya bar tafiyarsu gajeriya, ya kuma amince cewa hannun da bai kai tsakiyar kai a jarida ba, ba zai kai a talabijin ba. Karen nan Snoopy ne kawai ya sakar wa mara, domin surarsa tana karɓar rawa da tsalle, shi ya sa za ka ga kusan duk wasan jiki a wurinsa yake.

Ban ce duk abin da ka gani hikima ce ba. Shirin farko, na Kirsimeti, wanda gidan talabijin na CBS ya nuna ranar 9 ga Disamba, 1965, kamfanin Coca-Cola ne ya ɗauki nauyinsa, kuma cikin 'yan watanni aka haɗa shi da kuɗi kaɗan. Ka yi lissafi da kanka: idan zane 12 ne a kowace daƙiƙa, minti ɗaya yana cin zane 720, kuma kowanne sai an zana shi, an kwafe shi da tawada a kan leda mai garai-garai, an shafa masa launi ta baya, sannan an ɗauke shi hoto. Akwai wuraren da gaggawa ta bar tabo a aikin, kuma waɗannan ba abin koyi ba ne. Abin koyin shi ne, da aka rasa lokaci da kuɗi, an san abin da za a sadaukar da abin da ba za a taɓa ba, kuma kamannin zanen Schulz suna cikin abin da ba a taɓa ba.

Inda nake so ka fi sa hankali shi ne lokaci. Barkwancin jarida yakan ɓoye ƙarfinsa a gida na uku, inda sau da yawa babu ko kalma, sai yaro tsaye yana kallo kafin maganar ƙarshe ta faɗo. A takarda mai karatu ne ke auna tsawon wannan shiru, amma a talabijin kai ne za ka auna masa, da ƙirgen hotuna. Idan ka gajarta shi, maganar ta zo kafin a shirya mata. Idan ka cika shi da ƙifta ido da kaɗa hannu, kamar yadda ka yi a naka, ka kashe shi gaba ɗaya. Schulz ya ƙi yarda a saka dariyar da aka naɗa, wadda aka saba sakawa a shirye-shiryen ban dariya na wancan zamani, kuma wannan ya sa shirun ya tsaya da ƙafarsa. Muryoyin ma na yara ne na gaske, wasunsu ba su iya karatu ba tukuna, sai a faɗa musu layi su maimaita, a harhaɗa daga baya, shi ya sa maganar take fita da ɗan tsaiko wanda ya dace da zanen. Lee Mendelson, mai shirya aikin, ya kawo Vince Guaraldi da kiɗan jaz na fiyano, wanda ke tafiya a hankali ƙarƙashin hoton ba tare da ya yi masa ihu ba. Manya kuwa, tun da ba a nuna su a jarida, a shirye-shiryen da suka biyo baya sai aka mayar da muryarsu kukan ƙahon turombon. Shugabannin CBS ba su ji daɗin shirin ba da suka fara ganinsa, amma kusan rabin talabijin da ke kunne a Amurka a daren shi suke kallo, daga baya kuma ya sami lambobin yabo na Emmy da Peabody.

Yanzu ka koma kan naka. Ka tattara zanen mai zanen jaridar nan da kake motsa aikinsa gwargwadon abin da ka samu, ka fitar da kowace fuska da ya taɓa zanawa, ka jera su a takarda guda, kuma kada ka ƙirƙiri wadda babu a cikinsu sai da yardarsa. Ka mayar da kaurin layinsa da sirantarsa yadda alƙalaminsa ya bar su, ko da kwamfuta tana nuna maka za ta iya daidaita su. Sannan ka naɗi muryoyin tukuna, ka rubuta ƙirgen kowane shiru a takardar lokaci, ka kawo mini ita in duba kafin ka zana ko hoto ɗaya.