Kamfanin wuta zai ba ni kuɗi in canza tankin ruwan zafi: ina tarkon yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Worcester, jihar Masachusets a Amurka, a gidan da na saya shekara uku da suka wuce. Mu shida ne da yara. Tankin ruwan zafinmu na gas ne, shekararsa 11, yana ɗakin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida. An turo min takarda tare da bil cewa za a ba ni rangwame idan na koma sabon tanki na lantarki mai famfon zafi. Wani fulamba ya ce zai girka min a kan dala 4,200. Wani abokina kuma ya ce gwamnatin tarayya na ƙara dala 2,000. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Me zai sa kamfanin da ke sayar min da wuta ya ba ni kuɗi? In karɓa ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, babu tarko, amma kuma ba kyauta ba ce. Ɗauko bil ɗinka na wuta ka duba ɓangaren kuɗin isar da wuta, za ka ga wani layi na kuɗin tsimin makamashi da ake cirewa a kan kowane yunit da ka sha. Haka yake a bil ɗin gas. Wannan kuɗin ne ake tarawa a asusun shirin Mass Save, wanda kamfanoni irin su National Grid da Eversource da Unitil ke gudanarwa tare. Tun 2008 dokar jihar ta tilasta musu su nemi duk hanyar rage ɓarnar makamashi da ta fi samar da sabuwar wuta araha, suna miƙa tsarin shekara uku-uku ga hukumar da ke sa musu ido, kuma in sun cimma abin da aka ɗora musu akwai ladan da ake ba su. Ga kuma alƙawarin jihar na kawar da hayaƙi mai ɗumama duniya nan da 2050, shi ya sa ake son gidaje su rage ƙona gas da mai. Ka ga kenan shekara uku kana zubi a wannan adashe, ko ka karɓi kwasarka ko ka bar wa maƙwabta. A 2024 rangwamen irin wannan tanki dala 750 ne. Adadin na canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka abin da ke rubuce a shafinsu ranar da za ka saya shi ne magana.

Maganar abokinka gaskiya ce da ta kwana. Dokar da aka sa wa hannu a Agustan 2022 ta ba da rangwamen haraji na kashi 30 cikin ɗari na kuɗin tankin da aikin girkawa, har zuwa dala 2,000. Sai wata dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta datse shi: duk abin da aka girka bayan 31 ga Disambar 2025 bai samu. Ko a lokacin da yake aiki ma ba tsabar kuɗi ake miƙa wa mutum ba, daga harajin da ake binka ake ragewa. Akwai wani tallafin daban daga dokar 2022 ɗin, mai kaiwa dala 1,750 ga masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, amma jihohi ne ke raba shi, kowace da lokacinta da sharuɗɗanta. Kada ka sa shi a lissafi sai ka ga takardar amincewa a hannunka. In kuwa kuɗin shigar gidanku ya kai ku ga samun tallafin ɗumama gida na hunturu, ka faɗa musu tun a wayar farko, domin masu wannan matsayi suna da tasu ƙofar, kuma ta fi ta kowa faɗi.

To, yanzu ga abin da ya fi rangwamen muhimmanci, wanda takardar talla ba za ta tsaya ta yi maka bayaninsa ba.

Ka taɓa kai hannu bayan firji ka ji ɗumi? Firji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a waje. Wannan tanki mai famfon zafi, wato heat pump a Turance, firji ne da aka juya: a kansa akwai fanka da kwamfireso, yana zuƙar iskar ɗakin, ya tatse zafin da ke cikinta ya zuba a ruwa, ya hura iska mai sanyi waje. Hita ta lantarki da muka saba, irin wadda ake tsomawa a bokiti, yunit ɗaya na wuta zafin yunit ɗaya take bayarwa, ba ƙari. Wannan kuwa da yake ɗauko zafin yake yi daga wani wuri, yunit ɗaya kan kawo zafin yunit uku zuwa huɗu. Shi ya sa ga wanda tsohon tankinsa na lantarki ne zalla babu wani dogon tunani. A misali, gidan da ke shan yunit 3,500 a shekara wajen ruwan zafi zai iya komawa wajen 1,000, kuma a jiha mai tsadar wuta irin taku wannan ɗaruruwan daloli ne duk shekara. Da irin wannan tankin gare ka, da na ce maka ka je gobe da safe.

Amma naka na gas ne, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure. Alƙaluman tsimin da ake bugawa a talla galibi da tankin lantarki ake gwadawa. Kai lissafinka daban ne, bari mu yi shi tare. Ana auna gas da ma'aunin da za ka ga an rubuta therm a bil, kuma therm ɗaya daidai yake da zafin yunit 29.3 na lantarki. Tsohon tankin gas kusan kashi 60 cikin ɗari na wannan zafin yake sa wa ruwa, sauran ya bi bututun hayaƙi ko ya tsiyaye ta jikin tankin. Saura wajen 17.6 kenan. Sabon tanki na buƙatar yunit 5 ya samar da wannan zafin, ko 6 in ɗakin na da sanyi. Ga ƙa'idar a taƙaice: ka ninka farashin yunit ɗaya sau shida, in bai kai farashin therm ɗaya ba, kana da riba.

Ɗauki misali, ba alƙalumanka ba ne, naka suna cikin bil. A ce yunit santi 32 ne, therm kuma dala 2.20. Sau biyar dala 1.60, sau shida dala 1.92. Ribar santi 28 zuwa 60 kenan a kowane therm. In gidan na ƙona therm 200 a shekara kan ruwan zafi, abin da zai rage maka a aljihu dala 56 zuwa 120 ne. Riba ce, amma ba irin wadda za ta mayar da dala dubbai cikin shekara biyu ba. Kuma da gas ya sauka ko wuta ta tashi, ribar na iya ɓacewa. Wajen fitar da farashin, kada ka ɗauki kuɗin makamashin kawai. Haɗa da kuɗin isarwa, ka cire ƙayyadadden kuɗin wata-wata, sannan ka raba da adadin da ka sha. Don sanin gas nawa ruwan zafi ke ci, duba bil ɗin Yuli ko Agusta lokacin da tukunyar ɗumama gida ke kashe, abin da ka gani na ruwa ne da girki. Da mai ko gas na tulu kake ɗumama ruwa, da lissafin ya fi haka daɗi nesa ba kusa ba.

Sannan kada ka gwada dala 4,200 da sifili. Tankin gas kan yi shekara 8 zuwa 12, naka yana bakin ƙofa. Ko ka so ko ka ƙi za ka sayi wani, don haka ka nemi farashin sabon na gas tare da girkawa, ka cire daga 4,200, ka sake cire rangwame. Abin da ya rage shi ne ainihin kuɗin canjin, shi za ka raba da ribar shekara.

Mu sauka ɗakin ƙasan. Tankin na son iska mai yawa, masu ƙera shi kan nemi fili mai kafa kubik 700 ko kusa da haka, wato ɗaki kamar kafa goma da goma mai rufin kafa bakwai, kuma yana aiki sosai ne in zafin wurin bai faɗi ƙasa da digiri 40 na Farenhait ba. Kasancewarsa kusa da tukunyar ɗumama gida alheri ne, domin zafin da take zubarwa a banza duk hunturu shi zai riƙa kalacewa. Da bazara kuma yana tsotse danshi, kuma wanda ya san warin ɗakin ƙasa na tsofaffin gidajen Worcester a watan Agusta zai gane darajar wannan. Wasu har sukan rage kunna na'urar busar da iska. Ruwan da ya tsotsa dole ya samu hanyar fita, ko magudana a ƙasa ko ɗan famfo da zai tura shi. Ya fi tankin gas tsawo, kuma ana buƙatar sarari a samansa don zare matatar iska a wanke, saboda haka ɗauki tef ka auna daga daɓe zuwa bututun da ya fi kowanne saukowa kafin a kawo kaya. Yana da ƙara kamar ta firji babba. A ɗakin ƙasa ba za ka damu ba, sai dai in akwai mai kwana a can.

Wuta ita ce inda farashi ke tsalle. Yawancinsu na son layin bolt 240 na kansu mai amfiya 30, kuma wurin tankin gas ba shi da wannan. In akwatin rarraba wutarka tsoho ne mai amfiya 100 kuma ya cika, aikin mai gyaran wuta na iya haɗiye rangwamen har ya nemi ƙari. Akwai masu bolt 120 da ake sa wa a soket, Rheem da A. O. Smith duk suna yi, an ƙera su ne musamman don masu barin gas, sai dai sun fi jinkiri. Ka tambayi fulamban nan ƙarara: cikin 4,200 akwai jan layin wuta, da toshe bututun gas, da rufe ramin da tsohon tankin ya bari a bututun hayaƙi, da takardar izini daga hukumar birni? In gidan naka irin masu hawa ukun nan ne da 'yan haya, ka tsaya a kai ka ga mitar da aka jona layin, kada ka wayi gari kana biya wa wani wankansa ko shi yana biya maka.

Batun ku shida kuma. Gas na mayar da ruwa zafi da sauri, famfon zafi a hankali yake tafiya kamar mai tsinkar zogale. A cikin masu bolt 240 akwai elemen na ko-ta-kwana da ke kamawa in ruwan zafin ya yi ƙasa, amma duk lokacin da ya kama ka koma hitar bokiti, yunit ɗaya zafi ɗaya, lissafin da muka yi ya rushe. Ka yi tunanin safiyar Janairu: alwalar asuba, yara huɗu na shirin makaranta, uwargida ta kunna injin wanki. Tankin galan 50 zai yi ta kiran elemen. Ni a gida irin naka galan 80 zan sa, ko 65 in rufin ya hana. Wata dabarar ita ce a ɗaga zafin tankin zuwa digiri 140 na Farenhait a sa bawul mai gauraya shi da ruwan sanyi ya fito a 120, sai tankin ya zama kamar ya ƙara girma, amma bawul ɗin wajibi ne, ruwa mai digiri 140 na sale fatar yaro cikin daƙiƙu.

Karɓar kuɗin ba wuya, sai dai sakaci. Hanya biyu ce: ko a cire maka nan take a wurin saye, a kanti ko ta hannun dilan da fulamba ke saro kaya, ko ka biya duka ka tura rasit da lambar samfurin da lambar asusunka na wuta a aiko maka daga baya. Ɗaya ake samu, ba biyu ba. Tabbatar lambar samfurin na cikin jerin da suka amince da shi kafin ka biya ko sisi, kuma ka lura da wa'adin tura takardu. In fulamba ya ce ya riga ya cire maka, ya nuna a rubuce a layinsa daban. Na sha ganin takardun farashi biyu na aiki iri ɗaya da tazararsu ta fi rangwamen kansa, don haka nemi mutum uku su duba, kuma ka fifita wanda ya taɓa girka irinsa, ba wanda zai koya a gidanka ba. Ga 'yan'uwa da ke wasu garuruwan jihar da hukumar garin ce ke sayar musu da wuta, su nasu shirin daban ne, can za su tambaya.

Shawarata, ka kira Mass Save su turo mai duba gida, kyauta ne, ka kuma tambaye shi game da rancensu marar kuɗin ruwa, wanda na san da yawa cikinmu zai fi kwanta musu a rai. Ka yi lissafin sau shida da bil ɗinka a daren nan. In ya nuna riba ko kunnen doki, kuma akwatin wutarka na da wuri, ka canza, domin za ka samu busasshen ɗakin ƙasa da raguwar wutar gas mai ci a cikin gida a kan kusan kuɗi ɗaya. In sai an canza akwatin wuta gaba ɗaya, ka duba mai bolt 120 tukuna, in bai ishe ku ba ka sake sa na gas ba tare da jin ka yi asara ba. Ko wanne ka zaɓa, ka gama yanke shawara cikin watan nan, kuma kafin nan ka riƙa haska tocila a gindin tsohon tankin duk mako. Ranar da ka ga tsatsa ko jiƙa a daɓe, lokacin neman farashi uku ya wuce, abin da ke cikin motar fulamba a ranar shi za a sa maka, kuma galibi na gas ne.