Amsa: Shin Depeche Mode sun lalace ne bayan 1995?

Malam, ka tambaya me ya sa masoyan Depeche Mode, ƙungiyar mawaƙa ta Ingila, ke kushe waƙoƙinsu na baya-bayan nan. Ba lalacewa suka yi ba, hannun da ke haɗa kiɗan ne ya canza.

A cikin 'yan ƙungiyar, Alan Wilder shi ne mai zaman sutudiyo, yana jera sauti kan sauti har kiɗa ya yi kauri. Da shi aka yi kundin Violator a 1990, kuma ya bar su a 1995. Martin Gore, marubucin yawancin waƙoƙinsu, bai daina rubuta waƙa ba, amma tun daga Ultra na 1997 furodusoshin waje ke ɗaukar wancan nauyin. Ben Hillier ya yi musu kundi uku, daga 2005 zuwa 2013, inda suka koma ga tsofaffin injinan analog, kiɗan ya bushe, gudunsa ya ragu. Nan ne aka fi rabuwa.

Ƙorafin da nake ganin yana da tushe shi ne na Playing the Angel, kundin farko da Hillier ya yi musu. An matse sautinsa wajen tacewar ƙarshe don ya yi ƙara, ganga ta rasa sarari, kunne na saurin gajiya. In ka haɗa da MP3 mai 128 kbps, wato mai ƙarancin inganci, da aka turo ta Xender, da 'yar sifikar Kasuwar Barci, ai sai a hankali.

Ka sa iyafis mai kyau, ka daidaita ƙarar tsohon kundi da sabo kafin ka kwatanta. Fara da Memento Mori na 2023, wanda ya fito bayan mutuwar Andy Fletcher, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Ko masu kushen sun sassauta masa.