Ni na koya masa aiki, shi aka ɗora a kaina: amsar lauya ga wata akanta a Amurka

Assalamu alaikum Barista. Ni 'yar Kano ce, ina zaune a Hiyuston ta jihar Teksas da katin zama na dindindin. Shekara bakwai ke nan ina aikin akanta a wani babban kamfani. Sau biyu ana neman manajan sashenmu, sau biyu ana tsallake ni. Na farko ya kusa shekara biyu, ban ma nema a rubuce ba, domin shugabana ya ce in dakata lokacina na zuwa. Na biyu wata huɗu da suka wuce ne. Na nema, aka yi mini ganawa, sai aka ba wani Bature wanda ni na koya masa aiki da ya zo. Da na tambayi dalili, shugabana ya ce aikina ba shi da makusa, amma ba ni da kwarjinin shugabanci, kuma abokan hulɗarmu za su iya shan wahalar gane Turancina. Ina sa hijabi, kuma ni kaɗai ce baƙar fata a sashen. Maigidana ya ce in yi haƙuri, ƙawata ta ce in ajiye musu aikinsu. Ina da haƙƙi a doka? In kuma ban je kotu ba, yaya zan yi in ci gaba?

Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da wannan ɓacin rai. Abin da ya fara ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne waɗannan wata huɗun, don haka da su zan fara.

Dokar da ta fi shafar ki ita ce Sashe na 7 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964. Ta hana duk kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama nuna bambanci wajen ɗaukar aiki, albashi ko ƙarin girma saboda launin fata, jinsi, addini ko ƙasar asali. Sai dai ba a zarcewa kotu da ita. Dole a fara shigar da koke a EEOC, hukumar tarayya mai kula da daidaito a wuraren aiki, kuma a Teksas wa'adin yin hakan kwana 300 ne. Dokar jihar kuwa kwana 180 kacal take bayarwa. Ana fara ƙirgawa daga ranar da aka sanar da ke cewa an ba wani, ba ranar da ya hau kujerar ba. Kin riga kin ci kusan kwana 120, saura kamar wata biyu ƙofar jiha ta rufe, wata shida kuma ta tarayya ta bi baya. Kai kuka ofishin kula da ma'aikata na kamfaninku ba ya tsayar da wannan ƙirga, ko da sun ce miki suna kan bincike. Na sha ganin mutanenmu suna zaman jiran sakamakon irin wannan bincike har lokaci ya ƙwace musu, kuma abin yana yi mini ciwo, domin wasu ƙararrakin masu ƙarfi ne.

Tsallakewar farko ta riga ta fita daga hannun Sashe na 7. A 2002 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Morgan cewa kowace hana ƙarin girma tana da nata wa'adin daban, amma ana iya kawo tsohuwar a matsayin shaida ta yadda al'amura suka faro. Akwai kuma wata tsohuwar doka da ta samo asali tun 1866, bayan yaƙin basasa, wadda lauyoyi ke kira Sashe na 1981. Ita ba ta buƙatar a bi ta EEOC, ba ta da iyakar diyya, kuma wa'adinta yawanci shekara 4 ne. Amma a wasu ƙararrakin ƙarin girma kotu kan koma ga wa'adin jiha, wanda a Teksas shekara 2 ne, ke kuma kina dab da shi. Sannan launin fata da tsatso take karewa, ba ta rufe addini, kuma tun 2020 dole mai ƙara ya nuna cewa ba don launinsa ba da abin bai faru ba.

Babu kamfanin da zai rubuta cewa ya hana ki don ke baƙar fata ce, kuma kotu ta san haka. Shi ya sa take bin matakan da aka shimfiɗa a shari'ar McDonnell Douglas ta 1973. Ke za ki nuna kin cancanta, kin nema, an hana ki, an ba wanda ba irinki ba. Wannan kam kina da shi a karo na biyu. Sai kamfanin ya kawo dalilinsa, sannan nauyi ya dawo kanki ki nuna dalilin nan fakewa ce kawai. A nan yawancin ƙararraki ke faɗuwa. Kotun ɗaukaka ƙara da Teksas ke ƙarƙashinta, wadda ke New Orleans, ba ta karɓar cewa kin daɗe a aiki ko kin ɗan fi shi. In da cancanta kaɗai za ki dogara, sai an ga fifikonki ƙarara. Cewa ke kika koya masa aiki yana taimakawa, amma shi kaɗai ba zai kai ki ba.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne maganar Turancinki. A fahimtar EEOC da kotuna, karin harshe yana haɗe da ƙasar asali, kuma ba a yarda a hana mutum muƙami saboda shi sai idan da gaske yana kawo cikas ga aikin. Shekara bakwai kina magana da waɗannan abokan hulɗar. Akwai wanda ya taɓa yin ƙorafi? An taɓa rubuta hakan a takardar auna ƙwazonki ta shekara-shekara? In babu, to shugabanki ya furta abin da lauyan kamfaninsa ba zai so ya ji ba. Kwarjinin shugabanci kuma magana ce marar ma'auni, wadda kowa ke iya fakewa a bayanta. Ki duba sanarwar gurbin, ki ga ko an ambace shi. Idan dalilin da za su bayar gobe ya saɓa da wanda suka ba ki jiya, wannan saɓanin kansa shaida ne. Batun hijabi kuwa, a 2015 Kotun Ƙoli ta ba wata matashiya Musulma, Samantha Elauf, gaskiya a kan kamfanin Abercrombie da ya ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalinta. Amma a wasiƙarki ban ga inda wani ya taɓa zancen hijabin ba, don haka ki tuna da kyau ko an taɓa yi miki shaguɓe a kansa.

Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki ɗauki littafi na gida, ba kwamfutar ofis ba, ki rubuta ranar da kuka yi wannan magana da shugabanki, ɗakin da kuka zauna, wanda ke wurin, da kalmominsa yadda ya faɗe su. Ki tattara takardun auna ƙwazonki, sanarwar gurbin, saƙonnin yabo da aka aiko miki, da duk abin da ke nuna ke kika horar da wancan. Amma ki kiyaye ƙwarai: kada ki tura bayanan kuɗin kamfani ko na abokan hulɗa zuwa imel ɗinki na gida. Ke akanta ce, sirri ne a hannunki, kuma wannan kaɗai ya isa su sallame ki da hujja. Naɗar magana a ɓoye ba laifi ba ne a Teksas idan kina cikin masu maganar, sai dai ƙa'idar kamfani na iya hanawa, su kuma kore ki a kai. Kada ki yi sai lauya ya ce ki yi.

Idan za ki kai koke cikin gida, ki yi shi a rubuce, kuma ki kira abin da sunansa. Wanda ya rubuta "ba a yi mini adalci ba" bai sami kariyar doka ba. Wanda ya rubuta cewa yana ganin an hana shi ne saboda launinsa da ƙasar asalinsa, ya kawo maganar da aka faɗa masa, shi doka ta hana a rama a kansa. Ramuwar gayya laifi ce mai zaman kanta, ko da asalin koken bai yi nasara ba, kuma shekara da shekaru ita ce kan gaba a koke-koken da ake kai wa EEOC. Ramuwar ba sai kora ba. Cire ki daga manyan ayyuka ko mayar da ke wani lungu na iya shiga ciki. Ki kuma sani ofishin kula da ma'aikata kamfani yake karewa, don haka duk abin da za ki faɗa musu ki ɗauka wata rana alƙali zai karanta.

Shawarar ƙawarki ban goyi bayanta ba, aƙalla ba yanzu ba. Wanda ya ajiye aiki da kansa yakan rasa yawancin kuɗin da zai iya nema, domin da wuya kotu ta yarda cewa hana ƙarin girma ya kai ya tilasta wa mutum tafiya. Haƙurin da maigidanki ya faɗa yana da wurinsa a zuciya da a mu'amalarki da abokan aiki, amma kada ya hana ki shigar da takarda cikin wa'adi. Shigar da koke a EEOC kyauta ne, ana farawa ta intanet, kuma hukumar kan yi tayin sulhu kyauta idan ɓangarorin biyu sun yarda. In ba a daidaita ba, za ta ba ki takardar izinin zuwa kotu, daga nan kina da kwana 90. Ki nemo takardun da kika sa wa hannu ranar da kika fara aiki, domin kamfanoni da dama suna sa ma'aikaci ya amince cewa mai raba gardama mai zaman kansa ne zai saurari duk wani rikici, ba kotu ba. Game da kuɗi, ban da bambancin albashin da kika rasa, diyyar ɓacin rai da ta ladabtarwa a Sashe na 7 tana da iyaka: dala 50,000 ga ƙananan kamfanoni, har zuwa dala 300,000 ga masu ma'aikata sama da 500. Shari'a kuma tana iya cin shekaru, tana cin barci.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a wurina, domin yawancin masu irin halinki ba kotu ce ke ɗaga su ba. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma aikin kirki zai yi magana da kansa. A kamfanonin Amurka ana yanke shawarar ƙarin girma a taron da ba kya ciki, kuma sunan da wani babba ya tsaya masa shi ke fitowa. Mai ba ki shawara daban, mai ambaton sunanki a wannan taron daban, kuma na biyun kike buƙata. Ki nemi wani a sama da shugabanki, ko a wani sashe, wanda ya ga aikinki da idonsa. Hanyar samun sa ita ce neman ayyukan da ake gabatarwa gaban manya, ba waɗanda ake gamawa a bayan fage wani ya tashi ya karanta ba.

Ki aika wa shugabanki imel cikin ladabi, ki ce ya rubuta miki abubuwan da ake so ki cika kafin gurbi na gaba, da yadda za a auna su, da lokacin da za ku sake zama. In ya amsa, kin sami abin riƙe shi da shi. In ya yi ta kwana-kwana, wannan ma ya shiga littafinki. Daga yau kuma kada ki sake yarda da "ki dakata". Duk gurbin da ya fito ki nema a rubuce, domin rashin nema shi ne babban raunin tsallakewarki ta farko. Ki riƙa ajiye lissafin abin da kika yi wa kamfanin da alƙaluma: kuskuren da kika gano, kwanakin da kika rage wajen rufe littattafan wata, mutanen da kika horar. In ba ki da lasisin CPA, wato shaidar ƙwararren akanta a Amurka, ki neme shi. Ki shiga ƙungiyar akantoci baƙaƙen fata, NABA, wadda aka kafa a 1969, domin a can ake jin labarin gurabe da ainihin albashin da ake biya. Dokar ƙwadago ta tarayya ta ba ma'aikacin da ba ya shugabantar wasu damar tattauna albashinsa da abokan aiki, ko da kamfani ba ya so. Kuma tunda katin zamanki bai rataya a wuyan wannan kamfani ba, kina da 'yancin da masu bizar aiki ba su da shi. Ki fara neman wani wuri a hankali alhali kina kan aikinki.

Za ki ji ana cewa zamanin waɗannan haƙƙoƙi ya wuce. Gaskiya ne kamfanoni da yawa sun rufe shirye-shiryensu na jawo tsiraru tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 da ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a, kuma a Janairun 2025 an soke umarnin shugaban ƙasa na 1965 da ya wajabta wa 'yan kwangilar gwamnati tabbatar da daidaito wajen ɗaukar aiki. Amma Sashe na 7 da Sashe na 1981 dokokin majalisa ne, suna nan daram.

Abin da na faɗa ya ginu ne a kan wasiƙarki kawai. Cikin makonni biyu masu zuwa ki zauna da lauya mai lasisin Teksas wanda ke tsaya wa ma'aikata, ki tafi da littafinki da takardunki. Da yawansu sukan karɓi irin wannan ƙara a kan kaso daga abin da aka samu. Idan kuma kafin nan kamfanin ya miƙo miki takardar sallama da kuɗi, kada ki sa hannu a ranar. Kusan kullum akwai layin da ke cewa kin yafe duk wata ƙara, kuma adadin da suka rubuta abin ciniki ne. Ki karɓa, ki ce za ki duba, ki kai wa lauyan.